Kwana 43 ba albashi: abin da na bi ta cikinsa lokacin da Majalisar Dattawan Amurka ta cije

Ranar Laraba, 1 ga Oktoban 2025, na shiga ofis da ƙarfe takwas na safe kamar kullum, amma kafin azahar na dawo gida. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka ne, ina aikin lissafi a wata ma'aikata a yankin Washinton. Shekarar kuɗin gwamnatin nan tana ƙarewa ne ranar 30 ga Satumba, kuma da sha biyun daren Talata ta buga majalisa ba ta amince da kuɗin gudanarwa ba, sai doka ta hana ma'aikatu kashe ko sisin da ba a ware ba. Rufewar da aka yi daga ƙarshen 2018 zuwa farkon 2019, wadda ta kai kwana 35, ba ta shafi ma'aikatarmu ba domin an riga an ware mata kuɗinta, don haka wannan ne karo na farko da abin ya faɗo kaina. Na yi kurakurai da dama, na ɓata kwanaki ina neman bayanin da da na san shi tun farko da hankalina ya kwanta. Shi ya sa nake rubuta wannan, musamman domin 'yan'uwanmu da ke aikin gwamnati a nan, da kuma iyalansu na gida da ke jiran aike a ƙarshen wata.

An ba mu awa huɗu mu rufe aiki. A cikin awa huɗun nan mutum zai sa hannu a takardar da ke shaida cewa an tura shi hutun dole ba albashi, ya cike takardar lokutan aiki, ya sa saƙo a akwatin imel cewa ba ya nan, ya kashe kwamfuta. Daga nan haramun ne ka buɗe ta, haramun ne ka duba wayar ofis, ko da kyauta kake son yin aikin. Shugabar sashenmu ta bi tebur tebur tana cewa kowa ya ba ta lambar wayarsa ta gida da imel ɗinsa na kansa, domin ta nan kaɗai za ta iya sanar da mu ranar komawa. Na ba ta, na shayar da wata 'yar shuka da ke kan taga, na ɗauki jakata na fita. A raina kwana uku ne ko huɗu. Kuskurena na farko ke nan: ban buga takardar SF-50 ba, wadda ke ɗauke da matsayina da albashina da wurin aikina, ban kuma sauke takardun albashin watannin baya ba. Duk suna cikin na'urar da na kashe da hannuna.

Da daddare ƙanena ya kira daga Kano, ya ce Hajiya ta ji a rediyo an ce gwamnatin Amurka ta rufe, hankalinta ya tashi. Ya miƙa mata wayar. Ta ce, "Ɗan nan, juyin mulki aka yi muku?" Na ce a'a Hajiya, 'yan majalisa ne ba su daidaita kan kasafi ba, ki kwantar da hankalinki. Da ƙanen nawa ya karɓi wayar sai ya yi mini tambayar da ta tsaya mini a rai har makonni: "Yaya, ba jam'iyyar shugaban ƙasa ce ke da rinjaye a majalisun biyu ba? To wa ya hana su?" Gaskiya ce ya faɗa. 'Yan Rifablikan ne ke da fadar shugaban ƙasa, su ne ke da Majalisar Wakilai, suna kuma da kujeru 53 cikin 100 a Majalisar Dattawa. Tun ranar 19 ga Satumba Majalisar Wakilai ta amince da kuɗin wucin gadi da zai kai gwamnati 21 ga Nuwamba, da ƙuri'a 217 da 212. A daren Talatar kuma da idona na ga sakamakon Majalisar Dattawa a talabijin: 55 sun ce e, 45 sun ce a'a, aka ce kudurin bai wuce ba. Na taɓa jin kalmar filibasta, har na san ana maganar ƙuri'a 60, amma ban iya yi wa ƙanena bayanin dalili ba. Na ce masa zan sake kira.

Mako na farko na zauna ina jira, wanda shi ne kuskure na biyu. Sai ranar 8 ga wata wani abokin aikina ya tambaye ni ko na nemi tallafin marasa aiki. Ni a tunanina wanda aka kora ne ke nema. Ashe ma'aikacin tarayya da aka tura hutun dole yana da damar nema, kuma ba a jihar da kake zaune za ka nema ba, sai a inda ofishinka yake. Wanda bai san wannan ba zai cike takardu a jihar da ba ita ba, ya jira a banza. Ana yin komai ta intanet. Da farko sai an tantance cewa kai ne: hoton lasin tuƙi gaba da baya, hoton fuskarka ta waya, lambar shaidar aiki da haraji. Wannan kaɗai ya ci mini yini guda, domin hoton lasin ya ƙi karɓuwa har sau uku, sai da na ɗauke shi a bakin taga da hasken rana. Bayan nan aka nemi SF-8, takardar da ma'aikata ke bayarwa mai ɗauke da lambarta, da SF-50 ɗin da na bari a ofis. SF-8 na same ta a haɗe da takardar hutun dole. SF-50 kuwa sai da uwargida ta zazzage akwatin takardunmu ta samo wata tsohuwa ta shekara biyu da suka wuce, daga lokacin da muka nemi hayar gida. Da ita da takardar haraji ta bara na lallaɓa.

Daga nan sai jira. Ofishin tallafin ba ya da bayanan albashin ma'aikatan tarayya a hannunsa, sai ya rubuta wa ma'aikatarka ta tabbatar, alhali mutanen da za su amsa su ma yawancinsu suna gida. Na yi ta kiran waya, wata rana na riƙe layi awa ɗaya da minti ashirin, wayar na kan teburin kicin ina yanka albasa ina jin kiɗan jira. Matar da ta ɗauka daga ƙarshe ta yi mini kirki ƙwarai. Ita ce ta gaya mini cewa akwai takardar rantsuwa mai lamba ES-935, wadda mutum zai bayyana albashinsa da kansa ya haɗa da shaidar da yake da ita idan ma'aikata ba ta amsa ba. Da na san da ita tun ranar farko da na rage mako biyu. Ta kuma ja kunnena kan abu biyu: kowane mako sai na shiga na tabbatar cewa har yanzu ba na aiki, in na tsallake mako to kuɗin makon ya tafi, sannan duk abin da aka ba ni bashi ne a zahiri, domin ranar da aka biya mu albashin baya sai na mayar da shi. Abin da ake bayarwa a mako a yankinmu bai kai dala 450 ba komai girman albashinka, kuma kuɗin farko bai shigo ba sai a mako na huɗu.

Ana cikin haka sai labari ya fito cewa ofishin kasafi na fadar shugaban ƙasa yana ganin ba dole ba ne a biya waɗanda ke gida albashin baya. Daren nan ban yi barci ba. Akwai dokar da aka yi a 2019, Trump da kansa ya sa mata hannu, wadda ta ce a biya ma'aikata bayan an buɗe gwamnati, kuma ita muka dogara da ita. Ranar Juma'a 10 ga Oktoba albashi ya shigo da giɓin kwana uku, a ranar kuma aka fara aika wa ma'aikata kusan dubu huɗu a ma'aikatu daban-daban takardar sallama gaba ɗaya, kafin wata alƙaliya a Kalifoniya ta dakatar da hakan. Ranar 24 ga wata babu abin da ya shigo. Na buɗe manhajar banki bayan sallar asuba, na rufe, na sake buɗewa da hantsi, ko da yake na san ba komai.

Hayarmu dala 2,100 ce a wata. Na je ofishin masu kula da gidan da takardar hutun dole a hannu tun kafin ranar biya, kuma wannan na yi daidai. Wanda ya je kafin lokaci da takarda ana sauraronsa, wanda ya bari wa'adi ya wuce kuwa tara ake fara rubuta masa. Sun yarda na biya rabi, sauran idan an buɗe, ba tara, amma sai da na nemi su rubuta mini a takarda. Bankin haɗin gwiwar ma'aikata da nake ajiya a ciki ya ba da rance marar ruwa daidai da albashi guda, abin da ya sauƙaƙa mini a zuciya domin ba na son cin riba ko ba da ita. Sharaɗinsu shi ne dama can albashinka ta asusunsu yake shigowa. Abokina da ya buɗe asusu bayan an rufe gwamnati bai samu ba. Inshorar lafiyarmu ba ta tsaya ba, sai dai kuɗinta yana taruwa a cire daga baya. Na yi tunanin fita aikin kai kaya da mota, sai na tuna dokokin ɗa'ar aiki suna kanmu ko muna gida, kuma a ma'aikatarmu sai an nemi izini kafin a yi aikin waje, mai ba da izinin kuwa yana gidansa. Aiken da nake yi wa Hajiya kowane wata na rage shi rabi, na ce wa ƙanena kada ya gaya mata dalili. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Wata safiya a ƙarshen Oktoba na je wurin da wata ƙungiya ke raba abinci ga ma'aikatan gwamnati a harabar wata majami'a. Sai ka nuna katin aiki. Layin ya zagaye ginin, ana sanyi, kowa ya sunkuyar da kai yana duba waya. Mutumin da ke gabana yana sanye da rigar aikin filin jirgi, daga aikin dare ya taho. Su ana tilasta musu zuwa aiki ba albashi, kuma saboda suna aiki yawanci ba su da damar tallafin da ni nake samu. Aka ba ni kwali biyu, ɗaya na gwangwanaye da taliya da shinkafa, ɗaya na dankali da albasa da tuffa. A cikin mota na duba gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya na ware masu naman alade na ba maƙwabciyarmu. A kan hanyar dawowa ne na yanke shawarar zan je majalisar da ƙafata.

Ma'aikacin gwamnati yana da 'yancin tuntuɓar ɗan majalisarsa a matsayinsa na ɗan ƙasa, abin da aka hana shi ne amfani da muƙaminsa ko kayan ofis wajen siyasa. Na fara da waya, na bar saƙo sau biyu. Abin da suke fara tambaya shi ne lambar unguwarka, domin su tabbatar kai ɗan jiharsu ne. Sai na hau jirgin ƙasa na sauka a Union Station na taka zuwa gine-ginen ofisoshin sanatoci, guda uku ne: Russell, Dirksen da Hart. An dakatar da yawon buɗe ido a cikin Capitol, babban ginin majalisar, saboda rufewar, amma ofisoshin a buɗe suke. Ba a biyan ko kwabo, ba a buƙatar alƙawari kafin a shiga, sai dai ka cire bel da agogo da waya ka wuce ta na'urar bincike. A ofishin ɗaya daga cikin sanatocin jiharmu aka ba ni takarda na rubuta sunana da abin da ya kawo ni, na zauna kusan minti arba'in. Sanata ban gan shi ba, kuma duk mai zuwa ya sa a ransa ba zai gan shi ba. Wani matashin ma'aikaci ne ya fito da littafin rubutu, muka tsaya a baranda domin ofishin ya cika. Abu na farko da ya gaya mini shi ne su ma ba a biyansu. Sanatocin kuwa albashinsu bai tsaya ba.

Na yi masa tambayar ƙanena kamar yadda aka yi mini ita. Ya juya bayan takardar da na cike ya zana layi biyu. Ya ce ƙuri'ar amincewa da doka 51 take buƙata, ko 50 da ta mataimakin shugaban ƙasa. Amma kafin a kai ga wannan ƙuri'ar sai an rufe muhawara, kuma a Majalisar Dattawa ba a rufe muhawara sai sanatoci 60 sun yarda. Don haka mutum 41 sun isa su hana a zo ga ƙuri'ar ƙarshe har abada. Abin da nake ta gani a talabijin, 54 da 44, 55 da 45, yawancinsa ƙuri'ar neman wucewa wannan ƙofar ce. Na ce to ina masu dogon jawabin, ai na ji filibasta tsayawa ake yi ana magana dare da rana? Ya ce a da ke nan. Yanzu ba wanda yake buƙatar tsayawa, sanarwa kawai za a yi cewa ba a yarda ba, nauyin nemo 60 ya koma kan masu rinjaye, kowa ya tafi harkarsa. Na ce a watan Yuli ai sun wuce da babbar dokar haraji da 51 da 50, mataimakin shugaban ƙasa JD Vance ya raba gardama. Ya ce wannan hanya ce ta musamman da aka keɓe wa wasu batutuwan haraji da kasafi, tana da ƙa'idojinta, kuɗin gudanar da ma'aikatu na shekara-shekara ba ya bi ta nan. Minti goma muka yi. Na ninke takardar na sa a aljihu, tana nan a wurina har yau.

Da na dawo gida na zauna na karanta tarihin abin, tunda lokaci ne da ni. Babu filibasta a kundin tsarin mulkin Amurka, ƙa'idar cikin gida ce ta majalisar. Kafin 1917 ma babu wata hanya ta rufe muhawara. A shekarar aka kawo ƙa'ida ta 22 mai buƙatar kashi biyu cikin uku, sai a 1975 aka sauko da ita zuwa 60. Abin da ya girgiza ni shi ne irin aikin da aka daɗe ana yi da ita. Sanatocin kudu sun yi shekaru suna amfani da ita wajen tare dokokin 'yancin baƙar fata. Sanata Strom Thurmond ya tsaya awa 24 da minti 18 yana magana a 1957 don hana irin wannan dokar, kuma dokar 'yanci ta 1964 sai da aka yi kwana 60 na zaman majalisa ana jan ƙafa kafin a rufe muhawara da 71 da 29. Ni baƙin mutum ne mai 'ya'ya baƙaƙe a ƙasar nan, wannan tarihin ba labarin nesa ba ne a gare ni. Na kuma gano an riga an yi wa ƙa'idar giɓi sau biyu: a 2013 'yan Dimokurat ƙarƙashin jagoransu Harry Reid suka cire ta daga naɗin muƙamai da ƙananan alƙalai, a 2017 'yan Rifablikan ƙarƙashin jagoransu Mitch McConnell suka cire ta daga naɗin alƙalan Kotun Ƙoli. Da ƙuri'a mai rinjaye kawai aka yi duka biyun, ta hanyar da suke kira zaɓin nukiliya. Wato masu 51 suna iya kawar da 60 ɗin duk ranar da suka ga dama.

Ranar 30 ga Oktoba, da dawowarsa daga Asiya, Trump ya rubuta a shafinsa na Truth Social cewa 'yan jam'iyyarsa su soke filibasta su buɗe gwamnati. Ba zan ɓoye ba, da na karanta sai na ji zuciyata ta ce a yi. A lokacin an aiko mana takardar hutun dole ta biyu, domin ta farko kwana 30 take ɗauka, ga kuma maganar tsayawar tallafin abinci na SNAP da mutum kusan miliyan 42 ke dogaro da shi daga 1 ga Nuwamba. Washegari bayan sallar Juma'a na faɗi haka a gaban wani dattijo ɗan Damagaram da ke tuƙa tasi, mutumin da nake girmamawa. Ya dube ni ya ce, "Malam, ka san a kan me ake wannan ja-in-jar?" Na sani mana: 'yan Dimokurat sun ce ba za su ba da ƙuri'unsu ba sai an tsawaita ƙarin tallafin inshorar lafiya ta Obamacare da zai ƙare ranar 31 ga Disamba. Ya ciro wasiƙa daga aljihun jallabiyarsa ya nuna mini. Shi ba ya da ma'aikatar da za ta yi masa inshora, da kansa yake saya, matarsa kuma tana da ciwon suga. Kuɗin da zai riƙa biya a sabuwar shekara ya ninka fiye da sau biyu. Ya ce, "In ba don ƙuri'a 60 ɗin nan ba, wa zai ma ambaci irinmu?" Na ce, "Alhaji, gaskiyarka, amma da albashina ake wannan cinikin." Ya riƙe hannuna ya ce ya sani, Allah ya kawo mana mafita. Mun rabu kowa da damuwarsa, kuma ban ga wanda ya yi ƙarya a cikinmu ba.

John Thune, shugaban masu rinjaye a Majalisar Dattawa, ya ƙi bin umarnin shugaban ƙasa, ya ce babu ƙuri'un da za a yi hakan. Hujjarsu ita ce wata rana su ne za su koma marasa rinjaye, kuma duk abin da suka yi da 51 za a warware shi da 51. Abin da ya dame ni shi ne na tuna Janairun 2022, lokacin da 'yan Dimokurat ne suke neman a sassauta ƙa'idar domin dokar kare 'yancin zaɓe, 'yan Rifablikan suna kare ta, aka kayar da yunƙurin da 52 da 48 bayan Joe Manchin da Kyrsten Sinema sun ƙi bin jam'iyyarsu. Shekara uku da wata tara kawai, waɗanda suka so karya ƙofar su ne suka tokare ta. Ra'ayina bayan duk wannan shi ne ban yarda a soke ta gaba ɗaya cikin fushi ba, domin na ga fuskar dattijon nan, amma ban yarda a bar ta yadda take ba. Wanda zai tare doka ya tsaya da ƙafarsa a zauren ya yi magana al'umma na kallonsa, in ya gaji a kaɗa ƙuri'a. Sanata Cory Booker ya yi awa 25 a tsaye yana magana daga 31 ga Maris zuwa 1 ga Afrilun 2025, don haka ba abin da ya gagara ba ne. Kuma bai kamata albashin mai share ofis da mai lura da jiragen sama ya zama abin jingina ba, alhali masu kwan-gaba kwan-bayan suna karɓar nasu.

Sau 14 aka kawo kudurin yana faɗuwa. Ranar 5 ga Nuwamba rufewar ta zarce kowacce a tarihi, ranar 7 aka fara rage tashin jirage a manyan filaye 40, a ranar kuma albashi na biyu ya wuce mu. Daren Lahadi 9 ga wata na zauna a gaban tashar C-SPAN mai nuna zaman majalisa kai tsaye, wannan karon na san abin da nake ƙirgawa. Ba jawabai nake saurare ba, sunaye nake bi. Magatakarda na kiran suna, sanata ya matso gaban tebur ya ɗaga yatsa sama ko ƙasa. Sanatoci takwas daga ɓangaren 'yan Dimokurat suka tsallako, cikinsu har da Tim Kaine na Bajiniya, jihar da ke cike da ma'aikatan tarayya, da Dick Durbin da Angus King. Lissafi ya tsaya a 59, aka bar ƙuri'ar a buɗe ana jiran Sanata John Cornyn, ɗan Rifablikan, ya iso daga Texas. Uwargida ta yi barci a kujera. Da ya shigo lamba ta koma 60 da 40 sai na tashe ta, muka yi alhamdulillahi. Majalisar Wakilai, wadda kakakinta Mike Johnson bai kira ta zama ba tun Satumba, ta dawo ranar Laraba 12 ga wata ta amince da 222 da 209, shugaban ƙasa ya sa hannu a daren. Shugabar sashenmu ta turo saƙo cewa gobe aiki. Shukar kan taga ta bushe ƙarau.

Albashin baya ya shigo cikin mako guda, sai dai kada mutum ya ga lambar ya ɗauka duka nasa ne. An cire kuɗin inshorar da ya taru, na biya rancen banki, na cika sauran haya, na kuma ware kuɗin tallafin marasa aiki na jira wasiƙarsu, wadda ta zo bayan makonni da adadin da zan mayar. Wani abokin aikina da ya kashe nasa ya shiga biyan kaɗan-kaɗan. Wanda duk zai fuskanci irin wannan, ya buga SF-50 da takardun albashi na wata shida tun kafin ranar, ya ajiye a gida. Ya nemi tallafi a makon farko, a wurin da ofishinsa yake, ya tambayi ES-935 da bakinsa. Ya tabbatar albashinsa na shiga ta bankin da ke ba da rancen irin wannan lokaci tun ana zaman lafiya. Ya je wurin mai gida kafin ranar biya. Ya gaya wa mutanen gida gaskiya da wuri, domin ɓoyewar da na yi wa Hajiya ba ta hana ta ganewa ba, sai ƙara mata zullumi da ta yi. In kuma yana son sanin ranar komawa aiki, ya daina bin surutan talabijin, ya ƙirga sanatoci nawa suka rage a kai 60.

Abin da masu tsallakowar suka samu kan inshora shi ne alƙawarin za a kaɗa ƙuri'a a Disamba. An cika alƙawarin ranar 11 ga wata. Kudurin tsawaita tallafin ya samu 51, masu adawa 48, bai wuce ba. Na kira dattijon nan da daddare, ya ce ya gani, ya riga ya koma wata inshora mai araha wadda sai ya kashe dubban daloli daga aljihunsa kafin ta fara biya, kuma zai ƙara awa biyu a kan tuƙin dare. Yarjejeniyar da ta mayar da mu aiki kuwa ta ware wa yawancin ma'aikatu kuɗi ne zuwa 30 ga Janairun 2026 kawai. Na buga SF-50 ɗina kwafi biyu, ɗaya na cikin akwatin takardu, ɗaya na cikin mota.